Kiɗan Ikko: Abin Da Ya Kamata Mazaunin Legas Ya Sani

Ni haifaffen Agege ne, mahaifina fataucin shanu yake yi a karar Oko-Oba. Galibin shanun da muke sayarwa ranar Juma'a a wajen owambe suke ƙarewa ranar Asabar, wato shagalin bikin Yarbawa inda makaɗa ke wasa ana yi musu liƙi. Wajen kai shanu gidajen biki na fara sauraron kiɗan garin nan, na gane ashe ba baƙonmu ba ne kamar yadda muke zato. Ga manyan nau'o'insa.

Fuji: Asalinsa kiɗan tayar da mutane sahur ne da samarin Musulmin Yarbawa ke yi da azumi, wanda suke kira "were". Sikiru Ayinde Barrister, wanda ya rasu a 2010, shi ya fito da shi fagen biki.

Sakara: Da goge ake yin sa, irin namu dai. Yusuf Olatunji ya yi suna a kai. Gangarsu mai magana kuwa 'yar'uwar kalangu ce.

Juju: Legas gari ne na bakin teku, kuma ma'aikatan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kru daga Laberiya na cikin waɗanda suka yaɗa kiɗan jita a gaɓar. Tunde King ya haɗa irin wannan salo da waƙar Yarbanci a shekarun 1930, daga baya Ebenezer Obey da King Sunny Ade suka ɗaukaka shi.

Afrobeat: Na Fela Kuti ne, wanda sojoji suka ƙone gidansa, Kalakuta, a 1977. Ya rasu a 1997.

Ina ake ji kai tsaye? Akwai New Afrika Shrine a Ikeja, wanda 'ya'yan Fela, Femi da Yeni, suka buɗe a 2000. Nan ake bikin Felabration duk Oktoba. Akwai kuma Freedom Park a Broad Street, tsohon gidan yarin Turawa da aka mayar dandalin wasanni. A sani dai ana sayar da giya a Shrine, kuma wasa kan kai tsakar dare, don haka kowa ya auna da kansa.

Ko ba ka zuwa, sanin sunayen nan na da rana. Na sha ganin mai saye ya saki fuska, ciniki ya faɗa, don kawai na gane muryar Barrister a motarsa.