Ɗurin Rezin da Gyaran Fuska a Sassaƙar Gidan Sigarin Lantarki na Katako: Nazari kan Laima, Zafi da Ƙarko

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci wata sana'ar sha'awa da ta bunƙasa a Amurka da Turai, wato sassaƙa gidan sigarin lantarki da katako. Manufar ita ce auna iƙirarin da ya yaɗu tsakanin masu aikin, cewa katakon da aka ɗura wa rezin ya rabu da kumburi da tsagewa. An bi hanyar kwatanta matakan aikin da abin da ilimin kimiyyar itace ya tabbatar, tare da lissafi mai sauƙi. Nazarin ya gano cewa ɗurin rezin yana rage saurin shigar laima ne, bai hana ta ba, kuma katako yana ɓoye zafin batir daga hannun mai riƙe da shi. Don haka ƙarkon na'urar da lafiyar mai ita sun dogara ga tsarin sassaƙa fiye da ƙyallin fuska.

Muhimman kalmomi: sigarin lantarki, katako, rezin, laima, batir

1.0 Gabatarwa

Sigarin lantarki na zamani ya samo asali ne daga aikin Hon Lik, wani masanin harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, a 2003, kuma ya shiga kasuwa a 2004. Na farkon sun yi kama da karan sigari, batirinsu ƙarami ne, ba ya daɗewa. Wannan gazawa ce ta sa wasu masu amfani da shi suka fara yi masa kwaskwarima da kansu. A 2008 Ted Rogers da ɗansa Matt, a Ingila, suka fito da wani gida mai ɗaukar batir babba, wanda aka sani da Screwdriver. Daga nan kalmar mod ta zama sunan duk na'urar da aka sauya wa fasali, aikin kuma ya ja hankalin maƙera da kafintoci da masu gyaran lantarki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa sigarin lantarki na da illa, kuma nikotin ɗin da ke cikinsa yana kama mutum. Indiya ta haramta shi a 2019. Wannan maƙala ba ta shiga muhawarar shan sa ba. Abin da ta sa gaba shi ne katakon: yadda ake shirya shi, yadda ake gyara fuskarsa, da yadda yake zama da batir da ƙarfe da ruwan sinadari a wuri ɗaya matsattse.

2.0 Waiwaye

Cusa wa itace sinadari don ya daina motsi ya girmi wannan sana'a nesa ba kusa ba. Alfred Stamm da abokan aikinsa a Cibiyar Binciken Kayan Daji da ke Madison, a jihar Wisconsin, sun samar da Impreg da Compreg ta hanyar jiƙa itace da rezin na finol, har aka yi farfelar jirgin sama da Compreg a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Jirgin ruwan Vasa da aka tsamo a Stockholm a 1961, shekara 17 aka yi ana fesa masa sinadarin PEG don kada ya tsattsage in ya bushe. A shekarun 1960 John Meyer, a Kwalejin Gandun Daji ta Syracuse, ya inganta hanyar ɗura wa itace metakirilet a daskarar da shi da zafi. Wannan hanya ce ta sauko hannun masu yin ƙotar wuƙa da alƙalami, daga wurinsu kuma masu sassaƙa gidan sigarin lantarki suka ɗauka.

Akwai bambanci mai muhimmanci tsakanin waɗannan hanyoyi. Rezin na finol da PEG suna kutsawa cikin bangon ƙwayoyin itace su kumbura shi, su zauna inda ruwa zai zauna. Galibin metakirilet kuwa kogon ƙwayar yake cikawa, bangon ya rage kusan yadda yake. A kan wannan bambanci aka gina hujjar maƙalar.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

An rarraba aikin zuwa matakai uku: zaɓen itace da ɗuri, sassaƙa da haɗa kayan wuta, sai gyaran fuska. An ɗora kowane mataki a kan ma'aunai sanannu na motsin itace da tafiyar zafi da dokar Ohm. Alƙaluman da aka yi lissafi da su matsakaita ne, an kawo su don nuna girman matsala, domin kowane irin itace da nasa hali.

4.0 Zaɓen Itace da Ɗurin Rezin

Abin da masu sana'ar suka fi nema shi ne ƙululun itace, wato kumburin da ke fitowa a gindi ko jikin bishiya, inda jijiyoyi suka murɗe suka yi idanu. Ƙululun buckeye na California da na maple da na birch ɗin Kareliya suna cikin waɗanda suka yi suna. Kyansu shi ne rauninsu: suna da laushi, da ramuka, da wuraren da suka fara ruɓewa. Ba su iya riƙe zaren sukuru, kuma bango mai kaurin milimita 2 ko 3 da aka fitar daga cikinsu yana karyewa da ɗan matsi.

Matakin farko shi ne busarwa. Ana sa guntun a tanda mai zafin digiri 103 zuwa 105 na Salshiyos, a riƙa auna shi har nauyinsa ya daina raguwa. Sai a bar shi ya huce cikin leda a rufe, don itacen da ya bushe ƙayau yana fara shan laimar ɗaki nan take. Daga nan a nutsar da shi cikin rezin a tukunya mai murfin gilashi, a ɗora masa nauyi, a kunna famfon zuƙe iska. Minti kaɗan za a ga kumfa ta taso kamar ana tafasa, tana neman bakin tukunya, dole mai aikin ya riƙa sassauta bawul yana maido ta. Bayan sa'o'i kumfar takan koma 'yan ƙananan ɗigo jefi-jefi. Ainihin ɗurin yana faruwa ne bayan an saki iska, lokacin da matsin sararin samaniya ke tura rezin cikin kogunan da aka kwashe wa iska. Shi ya sa ake barin itacen a jiƙe aƙalla ninki biyu na lokacin da aka yi ana zuƙa. A ƙarshe a gasa shi a wajen digiri 90, kamar yadda ake yi da rezin ɗin Cactus Juice na kamfanin TurnTex da ke Texas, har ya daskare.

Gaggawa a busarwa tana ɓata sauran aikin duka. Ruwan da ya rage yana tare wa rezin hanya, a wurin gashi kuma ya zama tururi ya koro shi waje. Idan za a haɗa ƙululun da rezin mai launi na foliyuretan, ruwan yana haɗuwa da sinadarin ya haifar da iskar kabon, sai a ga farar kumfa a daidai inda itace da rezin suka haɗu.

Itatuwa masu nauyi da maiƙo, irin su cocobolo da eboni, ba su karɓar ɗuri sosai, ba su kuma buƙatarsa. Matsalarsu ta doka ce. Tun Janairun 2017 yarjejeniyar CITES kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta sanya dangin Dalbergia, wanda cocobolo ke ciki, a rukuni na biyu. A lokacin ne kuma aka ƙara a rukunin da madobiya, wadda aka yi ta sara a Taraba da wasu sassan Afirka ta Yamma ana kai wa Sin.

5.0 Sakamakon Nazari

5.1 Laima da Motsin Katako

Bangon ƙwayar itace yana riƙe ruwa har kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyin busasshen itacen. Ƙasa da wannan, duk raguwa ko ƙaruwar ruwa tana sauya girmansa. Duk wanda ƙyauren ɗakinsa ke cijewa da damina, ya saki da hunturu, ya san wannan hali. Motsin ba ɗaya ba ne ta kowace fuska: ta gefen zoben shekara yakan kai kashi 8, ta tsakiya zuwa waje kusan rabin haka, ta tsawo kuwa kashi 0.1 zuwa 0.2 kacal.

A iska mai laima kashi 30, itace yakan tsaya a kan ruwa kashi 6. A mai kashi 80 yakan kai kashi 16. Idan faɗin gidan na'ura milimita 40 ne, wannan tazara ta maki 10 za ta motsa shi kusan milimita 1. Farantin tagulla mai faɗi ɗaya da shi, ko zafinsa ya ƙaru da digiri 30, motsinsa kusan milimita 0.02 ne kacal. Idan aka manne su gam da juna, ɗaya na son tafiya ɗaya na tsaye, katakon ne zai tsage, kuma yawanci daga bakin ramin mahaɗar 510, inda ake ɗaura tanki, ko ramin maɓalli, inda bango ya fi siranta.

Ɗurin metakirilet yana toshe hanyoyin da ruwa ke bi, yana ƙara tauri da nauyi, kuma guntun da aka ɗura zai jure yayyafi ko gumin hannu. Amma tun da bangon ƙwaya na nan da ƙishirwarsa, idan ya yi watanni a wuri mai laima zai sha, zai kuma motsa. Abin da aka saya da rezin jinkiri ne. Wannan ya bayyana abin da ya sa na'urar da aka yi a busasshen wuri kamar Arizona kan iya fara cije ƙofar batir bayan ta yi wata da watanni a Manila. Masu ƙwarewa suna barin 'yar rata tsakanin ƙarfe da katako, suna faɗaɗa ramin sukuru kaɗan, ko su yi ƙashin ciki da alminiyam su lulluɓe shi da katako.

5.2 Zafi da Batir

Batirin 18650, mai kaurin milimita 18 da tsawon 65, yana ba da bolt 4.2 idan ya cika. A na'urar da ba ta da allon sarrafa wuta, wayar dumama mai ohm 0.15 za ta ja amfiya 28, alhali batir irin Samsung 25R amfiya 20 aka yi shi ya jure. Idan aka ƙaddara turjiyar cikin batir ohm 0.02 ce, jan amfiya 20 yana haifar da zafi na wat 8 a jikinsa.

Alminiyam yana tafiyar da zafi da ma'aunin da ya haura 200, katako kuwa tsakanin 0.1 da 0.2. Gidan ƙarfe yana ɗumi a hannu, mai shi ya ajiye. Gidan katako yana nan da sanyinsa alhali ciki na dahuwa. Gaskiya ne katako ba ya tafiyar da wutar lantarki, don haka batir mai yagaggiyar riga ba zai game da bangonsa ba, kuma wannan fa'ida ce. Sai dai ta zo da asarar gargaɗi. Hukumar Kashe Gobara ta Amurka ta lissafa gobara da fashewa 195 masu nasaba da sigarin lantarki tsakanin 2009 da 2016. A Mayun 2018 fashewar na'ura marar allon kariya ta kashe wani mutum a jihar Florida. Saboda haka ramukan fitar iska a ɗakin batir da allon sarrafa wuta, irin DNA na kamfanin Evolv da ke Ohio, sun fi zama wajibi a gidan katako.

5.3 Gyaran Fuska

Ruwan da ake zuba wa na'urar haɗi ne na furofilin gilaikol da gilisarin, dukansu masu jan laima, wasu kayan ƙamshin kuma akwai isfirit a ciki. Yoyo daga tanki ba ya ƙarewa, don haka dole fuskar ta jure shi. Shalak yana narkewa a isfirit, bai dace ba. Man tung da man linsid suna shiga jiki su bushe ta hanyar haɗuwa da iska, suna fito da zanen itace, gyaransu kuma da sauƙi, amma kariyarsu kaɗan ce. Kakin zuma da kakin karnauba na Brazil ƙyalli suke bayarwa, hannu na goge su cikin makonni.

Mafi farin jini shi ne sufa gulu. Ana shafa shi siriri-siriri, hawa kan hawa, a bi da samfefa daga mai kaushi zuwa Micro-Mesh mai lamba 12000, har fuskar ta koma kamar gilashi. Yana tare ruwa sosai, amma ba ya lanƙwasa. Idan katakon da ke ƙarƙashinsa ya motsa, sai ya yi tsaga siririya, ruwan ya shiga ta nan ya yi tabo a ƙasa. Wani kuskure da ake yawan yi shi ne ƙawata waje a bar ciki tsirara. Fuska ɗaya tana shan laima, ɗaya ba ta sha, sai ƙofar batir ta bauɗe, maganaɗisu ya kasa riƙe ta.

Mai aikin ma yana cikin haɗari. Hukumar binciken cutar daji ta IARC ta sanya ƙurar katako a rukunin farko na masu haddasa cutar tun 1995. Tururin sufa gulu yana cin ido da hanci, tsumman da ya sha man linsid kuma yakan kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi aka ajiye.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna abu uku. Ɗurin rezin yana ƙara ƙarfi yana jinkirta laima, amma bai kawar da motsin katako ba. Rashin tafiyar da zafi, wanda ke sa katako daɗin riƙewa, shi ne ke ɓoye alamar haɗari. Kowane irin gyaran fuska kuma da inda yake gazawa, don haka shafe ciki da waje daidai ya fi zaɓen mai ƙyalli muhimmanci.

Dokar hukumar FDA ta Amurka ta 8 ga Agustan 2016 da wa'adin neman izini na 9 ga Satumban 2020 sun ɗora wa ƙaramin mai sassaƙa nauyin da aka tsara don manyan kamfanoni, hukumar gidan waya ta Amurka kuma ta daina ɗaukar irin waɗannan kaya zuwa ga masu saye a Oktoban 2021. Wannan ya mayar da aikin hannun masu yi don kansu, inda babu mai duba ingancinsa. Ana ba da shawarar a gudanar da gwaji na tsawon shekara guda kan guntaye masu ɗuri da marasa ɗuri a laima daban-daban, a kuma auna zafin ɗakin batir a gidan katako da na alminiyam a kan jan wuta iri ɗaya, domin masu aikin su samu alƙaluman da za su yi tsari da su.