Daga kuntuku zuwa taiko: tarihin koyon kiɗa

A ƙasar Damagaram, har da nan Matamaye da Kance, kiɗa gado ne tun kafin zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Ɗan makaɗi ba ya farawa da babbar ganga. Sai ya yi shekaru yana bin ubansa da kuntuku ko kanzagi, yana riƙe da bugu ɗaya, kunnensa na haddace taken sarakuna da na mahauta da na manoma. Tambari kuwa na fada ne, ba kowa ke taɓa shi ba.

A can Japan ma, gangarsu mai suna taiko ta daɗe a wuraren ibada da bukukuwan ƙauye. A 1951 wani makaɗin jaz, Daihaci Oguci, ya haɗa ganguna manya da ƙanana, ya mai da kiɗan na taron jama'a. Ƙungiyar Kodo, wadda aka kafa a 1981 a tsibirin Sado, tana horar da almajirai shekara biyu ba tare da tambayar asalinsu ba. Sabon shiga yakan rera bugun da baki kafin ya ɗauki gula.

Mu kuwa ƴaƴan makaɗa da dama sun bar sana'ar, ɗan da bai gada ba kuma kunya ta hana shi. An buɗe cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai a 1989, amma Yamai da nisa. Ya kamata malamai da ƙungiyoyinmu su kawo tsofaffin makaɗa makaranta, su miƙa kuntuku ga duk yaron da ke so, tun masu taken suna raye.