Tarihi: iMac ta 1998, kwamfutar da ta kori disket

Yau tarihinmu na wata na'ura ne. Wanda duk ke da kile USB a aljihu, wadda yake kai wa mai sibar ya buga masa takarda, ko ya kawo mana waƙa da ita gidan rediyo, to labarin nan ya shafe shi.

A shekarar 1997 kamfanin Apple na Amurka yana bakin kushewa. Asarar da ya yi a shekarar ta haura dala miliyar guda. A nan ne Steve Jobs, wanda ya bar kamfanin tun 1985 bayan rikici da shugabanninsa, ya dawo ya karɓi ragama. Ranar 6 ga Mayu 1998 ya tsaya gaban jama'a a Cupertino, jihar Kaliforniya, ya yaye ƙyalle daga kan wata kwamfuta mai suna iMac. An fara sayar da ita ranar 15 ga Agusta a kan dala 1,299. Da ta yi kwantai, Allah kaɗai ya san ko yau za a san wani abu wai shi iPhone.

Kwamfutocin lokacin kun san su: akwatin ƙarfe mai ruwan ƙasa a ƙarƙashin tebur, ekran daban, lasifika daban, wayoyi sun sarƙe a baya kamar taliya. Ita iMac komai nata a jiki ɗaya yake. Ekran mai ƙeya irin na tsohuwar talabijin, inci 15, da injin, da lasifika biyu, duka cikin ƙoƙon roba mai kama da ƙwai, shuɗi-shuɗi kore-kore, ana hango kayan cikinta. Launin ma sunan wani bakin teku na Sidni a Ostareliya aka ba shi, Bondi. Wani Baturen Ingila, Jony Ive, shi ya jagoranci zana ta, har ya sa mata maɗauki a ka, alhali nauyinta ya kai wajen kilo 17. Wa zai yi yawo da wannan?

To me ke cikin ƙoƙon? Ƙwaƙwalwarta PowerPC G3 ce mai gudun megahaz 233. Ma'ajiyar aiki, wadda masu gyara ke kira RAM, mega 32. Babban faifan ajiya jiga 4. Ku duba wayar da ke hannunku: in mai jiga 64 ce, ta ninka faifan iMac sau 16, kuma in RAM ɗinta jiga 4 ce, ta ninka tata sau 128. Tana da wurin sa faifan CD, da ƙofar wayar haɗa kwamfutocin ofis, da modem 56k a ciki, wanda ake jona wa layin tarho na gida. Da wannan modem ɗin, waƙa guda mai mega 4 sai ta ci wajen minti goma kafin ta sauka, in layi ya yi kyau ke nan. Amma a lokacin abin alfahari ne, don harafin i da ke farkon sunanta intanet yake nufi. Ka sa kuran, ka sa wayar tarho, ka shiga.

Abin da ya ta da ƙura kuwa shi ne abin da aka hana ta. Ba ta da ramin disket. Yaran yanzu ba su san disket ba: ɗan faifai ne mai kusurwa huɗu, mega 1.44 kacal yake ɗauka, hoto guda na wayar zamani ma ba zai shiga ba. Waɗanda suka yi kwaleji ko lise farkon shekarun 2000 sun san shi, sun kuma san yadda ƙura da zafi ke cinye shi ranar da ka fi bukatarsa. Duk da haka shi ne jakar kowa a 1998. Kuma CD ɗin iMac karatu kawai yake, ba ya rubutu. Wato ka gama aikinka, ba ka da abin kwashe shi sai ta intanet, ko ka sake fiddo kuɗi ka sayi na'urar disket ta waje. Mutane sun yi ƙorafi, kuma a ganina suna da gaskiya, Apple ya yi gaggawa, domin kile USB ba ta shigo kasuwa ba sai wajen 2000.

Tsofaffin ƙofofin Apple na firinta da madannai su ma an toshe su, aka bar ƙofar USB guda biyu. Ba Apple ya ƙirƙiro USB ba, Intel da Microsoft da wasu kamfanoni ne suka fiddo ta tun 1996, sai dai kayan da ke aiki da ita ba su da yawa. Da iMac ta sayu kusan 800,000 kafin ƙarshen 1998, masu ƙera firinta da sikana suka ga kasuwa, suka ruga, wasu har da kwaikwayon shuɗiyar robarta. Windows 98, wadda ta fito a watan Yunin shekarar, ita ma ta taimaka ƙwarai. Apple ya rufe shekarar da riba.

Ba ta rasa aibu ba. Linzaminta zagayayye ne kamar waina, ka riƙe shi ba ka san gaba da baya ba, sai da aka canza shi a 2000. Sannan ga ciwon duk wata na'ura mai jiki ɗaya: ekran ya mutu, kwamfuta duka ta tafi wajen mai gyara. Ku tuna da wannan in kun shiga kasuwa kun ga irinsu cikin kayan da aka yi aiki da su a Turai, masu kyan gani da araha.

A Janairun 1999 ta fito da launi biyar. A Oktoba aka sake ta, aka cire fanka, iska kawai ke ratsa ta tana sanyaya ta, abin da ya dace da Kaliforniya fiye da Tawa a watan Afrilu. A 2002 iMac mai siririn ekran ta zo, ita kuwa mai ƙeyar aka daina ƙera ta a 2003.