Doctor Who: Yadda Masoya Suka Daɗe Suna Jayayya Kan Makomar Shirin

A ranar 23 ga Nuwamba 1963 gidan talabijin na BBC ya fara nuna Doctor Who, labarin wani baƙo daga wata duniya da ake kira Dakta, mai ratsa zamani da sararin samaniya a cikin na'urar TARDIS, wadda daga waje take kama da rumfar wayar 'yan sandan Birtaniya. William Hartnell ne ya fara fitowa a matsayin Dakta. Da rashin lafiya ta ci ƙarfinsa a 1966, masu shirin suka samo dabarar da ta zama sirrin tsawon ransa: idan Dakta ya kusa mutuwa sai jikinsa ya sabunta, ya dawo da wata fuska da wani hali. Patrick Troughton ya karɓa, kuma daga nan aka buɗe ƙofar jayayya, domin duk sabuwar fuska sai ta raba kan masu kallo.

A 1976 aka kafa ƙungiyar masoya ta Doctor Who Appreciation Society. A shekarar ce labarin The Deadly Assassin ya nuna mutanen duniyar Dakta a matsayin tsofaffin 'yan siyasa masu makirci, har shugaban ƙungiyar ya rubuta suka mai zafi cewa an ɓata shirin. Yau ana lissafa labarin cikin fitattu. Wannan ya zama al'adar masoyan: abin da aka yi wa tofin Allah tsine bana, shi ake kewa bayan shekaru.

Da BBC ta dakatar da shirin na wata 18 a 1985, masoya suka yi ca da wasiƙun ƙorafi har da faifan waƙa. A 1986 wani matashi mai suna Chris Chibnall ya fito a talabijin yana sukar marubutan shirin. Masu kallo suka ci gaba da raguwa, aka rufe shirin a Disamba 1989 bayan zango 26.

Shekaru 16 da suka biyo baya su ne suka nuna ƙarfin masoyan. Kamfanin Virgin ya fara buga sababbin littattafai a 1991, kamfanin Big Finish ya fara wasannin sauraro a 1999, kuma yawancin marubutan masoya ne. Fim ɗin 1996 da aka yi da haɗin gwiwar Amurkawa, wanda Paul McGann ya fito a ciki, ya tada ƙura saboda ya ce rabin jinin Dakta na ɗan'adam ne. Neman tsofaffin faifan da BBC ta goge ma bai tsaya ba: a 2013 aka sanar da gano kashi tara da suka ɓace a wata tashar talabijin da ke Jos.

Russell T Davies, wanda shi ma masoyi ne tun yana yaro, ya dawo da shirin a Maris 2005 daga birnin Kadif, mutum fiye da miliyan 10 suka kalli kashin farko. Steven Moffat ya gaje shi a 2010, sannan Chibnall, mai sukar nan na 1986, ya hau kujerar jagorancin shirin. Shi ya kawo Jodie Whittaker, mace ta farko da ta jagoranci shirin a matsayin Dakta, aka sanar da ita a 2017. A 2020 ya sauya asalin Dakta baki ɗaya, wasu suka ce ya faɗaɗa labarin, wasu suka ce ya rushe tarihin shekara 57.

Davies ya sake dawowa, aka zaɓi Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda da ya tashi a Sikotilan, a matsayin sabon Dakta, aka kuma ƙulla yarjejeniya da Disney a 2022. Kuɗi sun ƙaru, amma ƙorafi bai ragu ba. Gatwa ya tafi a Mayu 2025, kuma a Oktoba aka sanar da janyewar Disney. Wasu masoya na ganin a huta na wasu shekaru, wasu na so a koma ga labarai masu sauƙi da ƙaramin kasafi, wasu kuwa na tsoron hutu ya zama rufewa irin ta 1989.

Tarihin ya nuna cewa wannan jayayya ba alamar mutuwa ba ce. Masu jayayyar ne suka riƙe shirin lokacin da BBC ta sake shi, daga cikinsu kuma aka samu waɗanda suka farfaɗo da shi. Abin da ya kamata masoya su ji tsoro shi ne ranar da za a sanar da sabon Dakta, ba a samu wanda ya damu ya yi musu ba.