3.2 Tarihin Allurar Sitiroyid a Gadon Baya Domin Ciwon Sayatika

A wannan sashe za a dubi yadda allurar sitiroyid ta samo asali a matsayin maganin sayatika, wato ciwon jijiya da ke tasowa daga ƙugu ya gangara bayan cinya har zuwa ƙafa. Tun a shekarar 1764 likitan nan na birnin Naples, Domenico Cotugno, ya yi cikakken bayanin wannan ciwo, ya kuma danganta shi da jijiya.

Allura a gadon baya ta girmi sitiroyid. A shekarar 1901 likitoci biyu a birnin Faris, Sicard da Cathelin, kowa a nasa ɓangaren, suka zura koken ta ƙasan ƙashin baya zuwa sararin da ke kewaye da rigar laka. A lokacin ba a san ainihin musabbabin ciwon ba. Sai a shekarar 1934 Mixter da Barr na birnin Boston suka nuna cewa faifan guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwan baya kan tsage ya danne tushen jijiya.

Bayan da Philip Hench ya gwada kotizon a kan amosanin gaɓɓai a 1948, sai likitoci suka yi tunanin cewa maganin da ke kwantar da kumburin gaɓa zai iya kwantar da na jijiya. Ta haka ne Robecchi da Capra suka yi allurar haidrokotizon kusa da tushen jijiya a Italiya a 1952, Lièvre da abokan aikinsa suka biyo baya a Faransa a 1953.

Abin lura a nan shi ne, allurar ta yaɗu kafin a tabbatar da iyakar amfaninta. Binciken da Carette ya jagoranta a Kanada, wanda aka buga a 1997 a kan marasa lafiya 158, ya nuna cewa tana rage zafin ƙafa na ɗan lokaci, amma ba ta rage yawan waɗanda aka yi wa tiyata cikin shekara guda ba.

Haka kuma ba ta rasa haɗari ba. A shekarar 2012 gurɓataccen sitiroyid daga wani kamfanin haɗa magunguna a jihar Massachusetts ya kamar da mutane fiye da 750 a Amurka, da yawansu da sanƙarau, fiye da 60 suka rasu. A 2014 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗin cewa, ko da yake ba kasafai ba, allurar kan jawo makanta, shanyewar jiki ko mutuwa.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa allurar tana kawo sassauci ne yayin da jiki ke warkewa da kansa, ba ta gyara faifan da ya tsage.