Maganin Gyaran Ɗabi'a: Asalinsa da Masu Amfana da Shi a Tasawa da Mayahi

Maganin gyaran ɗabi'a hanya ce ta kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ke aiki da magana da horo, ba da ƙwaya ko allura ba. Tushensa shi ne cewa abin da mutum ya koya da sabo, kamar tsoro ko gudun jama'a, ana iya warware shi da wani sabon.

A ƙasar Tasawa da Mayahi, kamar sauran jihar Maraɗi, an daɗe ana kai mai taɓin hankali ko mai yawan firgita wurin malami don rubutun sha da ruƙiyya, ko wurin 'yan bori don girka. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta wallafa bincike kan borin yankin Maraɗi a 1972. Har yau iyalai da yawa da nan suke farawa kafin su nufi gidan likita.

Shi kuwa wannan magani ya samo asali ne daga binciken Ivan Pavlov na Rasha kan yadda karnuka ke sabawa da alamar zuwan abinci. A 1924 Mary Cover Jones ta Amurka ta yi aiki da wani yaro mai tsoron zomo. Ta riƙa ajiye zomon cikin keji daga nesa yayin da yaron ke cin abincin da yake so, kullum tana matso da shi kaɗan, har ya kai ga shafa shi. A 1958 Joseph Wolpe na Afirka ta Kudu ya tsara wannan dabara domin manya. A shekarun 1960 Aaron Beck ya haɗa ta da gyaran tunani.

Da farko aikin ƙwararru ne kawai, kuma a Nijar ƙwararrun kaɗan ne, akasarinsu a Yamai. Sauyi ya zo a 2008, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP domin ƙananan cibiyoyin lafiya. A shekarar ce kuma bincike a karkarar Pakistan ya nuna ma'aikatan lafiya mata na ƙauye suna iya rage baƙin cikin masu ciki da masu jego ta wannan hanya. A 2016 hukumar ta fitar da tsarin zama biyar, ɗaya a kowane mako, wanda wanda ba likita ba zai iya gudanarwa bayan horo. Wannan ne ya sa maganin ya dace da gundumomin da jinya ta dogara ga nas da ungozoma.

Masu amfana da shi suna da yawa. Mace mai jego da ta daina fita ta daina cin abinci, ana tsara mata ƙananan ayyuka: yau ta yi wanka ta zauna a tsakar gida, gobe ta bi maƙwabta rijiya, jibi ta leƙa gidan suna. Mai fargaba ana koya masa jan numfashi a hankali da tunkarar abin tsoron mataki-mataki. Haka yake taimakon mai waswasi, mai rashin barci, yaro mai fitsarin kwance, saurayin da ke son barin tramol, da wanda ya tsira daga hari, irin 'yan gudun hijirar da suka shigo jihar Maraɗi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019.

Maganin yana da iyaka. Farfaɗiya da taɓin hankali mai tsanani suna buƙatar ƙwayar likita, horon ɗabi'a sai dai ya zama ƙari. Wanda ke maganar kashe kansa kuwa, a gaggauta kai shi gidan likita, kuma kada a bar shi shi kaɗai.