Land Rover ko Toyota: abin da hanyar Tigidda ta koya mana

Kafin a san da garin Arlit, motar da ta taso daga Aljeriya za ta Agadas ta Tigidda-n-Tesumt take bi. Daga Tamanrasat a gangaro In Gezam, a ɗebi ruwa a In Abangarit, a ratsa garin gishiri, sannan a miƙe Agadas, daga can sai Damagaram da Kano. Ta nan motocin kamfanin SATT, wanda Georges Estienne ya kafa a 1933, suka riƙa jigilar fasinja da wasiƙu. Mu da muka tashi cikin baƙin mai a garejin Agadas, wannan hanya ce uwar sana'armu, domin babu motar da ke fitowa daga cikinta ba tare da ta nemi bakanike ba.

Filin Irazer, inda Tigidda take, laka ce zalla. Da rani ta bushe ta tsattsage, gargada ta kwance kowace ƙusa da ke jikin mota. Da damina kuwa, lokacin da Abzinawa da Fulani ke hawowa da dabbobi lasar gishiri wajen Ingal, ƙasar takan zama taɓo mai riƙe taya har gindi. Ga kuma gishirin kansa, wanda mutanen garin ke tacewa daga ƙasa su shanya a ɗaruruwan ƙananan ramuka. Abinci ne ga raƙumi, guba ne ga ƙarfe. Motar da ta yi shekaru tana ɗaukar sa zuwa kasuwar Ingal, ƙarƙashinta ne zai ba ka labari.

Masu gidanmu da Land Rover suka buɗe ido. Motar Ingila ce da aka fara ƙerawa a 1948, ita ce ta kwamanda da jandarma da likitan dabbobi da Turawa masu binciken duwatsu. A lokacin fari na 1973 da 1974 ita ta kai hatsi rugagen da babbar mota ba ta isa. Ƙarancin ƙarfe bayan yaƙin duniya ya sa aka yi gangar jikinta da alminiyon, aka ɗora a kan shasin ƙarfe. Injinta silinda 4 ne, lita 2.25, ba gudu, ba gardama. Kusa da giya akwai sanda mai jan kai da wata mai rawayan kai: ka danna rawaya ƙafa huɗu su kama, ka ja ja ta shiga ƙaramin giya ta yi rarrafe ta fita daga taɓo. Da waɗannan sanduna biyu ake fara koya wa yaron gareji mota.

Aibinta ma mun san shi. Tana ɗigar mai ko da sabuwa ce. Na farko-farkon suna karya sandar aksil na baya in an matsa musu a yashi, shi ya sa direba ba ya fita daji sai da wata a ƙarƙashin kujera. Sannan ƙusoshinta da inci aka auna su, alhali makullanmu na ƙasar Faransa da milimita suke. Bakaniken da ke da cikakken jerin makullan inci a wancan zamani, shi ake layi a ƙofarsa.

Uraniyom ne ya karkatar da hanya. SOMAIR ta fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK ta biyo a 1978, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit wajajen 1980. Masu sauka daga Aljeriya suka koma bi ta Asamaka, Tigidda ta zauna gefe da gishirinta. Ta sabuwar hanyar ce samarin Turai suka riƙa turo tsofaffin Peugeot 404 da 504, su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, su hau jirgi su koma gida. Kasuwar ta yi daɗi saboda tun 1975 ake harhaɗa Peugeot a Kaduna, kayan gyaranta kuwa ko a Kano ko a Maraɗi sai wanda ka zaɓa. Sai dai Peugeot motar kwalta da busasshiyar hanya ce. Ranar da aka yi ruwa a Irazer, hutu take.

A ƙarshen Disamban 1978 tseren Paris-Dakar na farko ya tashi, ya ratso ta Agadas, ya kuma riƙa dawowa shekara da shekaru. Daren da suka sauka, babu bakaniken da ke runtsawa. A nan idonmu ya faɗa kan injuna iri-iri, a nan kuma ƴan yawon buɗe ido suka gano Ayar da Tenere. Mano Dayak da kamfaninsa na yawon buɗe ido Temet Voyages, da sauran masu irin wannan aiki, suna son motar da za ta ɗauki baƙi da ruwa da mai na kwanaki, ta je Bilma ta dawo. Toyota Land Cruiser ce ta amsa. HJ60, wadda ta fito a 1980, tana da injin gazuwal 2H, silinda 6, lita 4, babu bel ɗin taimin da zai tsinke a daji, haƙoran ƙarfe ne ke juya juna. Daga baya samfurin 70 ya zo a 1984, injin 1HZ mai lita 4.2 ya biyo a 1990. Ba da talla Toyota ta kori Land Rover ba. Direbobi ne suka ƙirga sau nawa suka kwana a ƙarƙashin kowacce.

Daga nan sai abubuwa suka yi ta rushewa. Tawayen Abzinawa ya tashi a 1990, sai Afrilun 1995 aka sa hannu kan sulhu, a Disambar shekarar kuma Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgin sama. Rikicin Aljeriya tun 1992 ya toshe hanyar masu kawo Peugeot, kasuwar tsofaffin motoci ta koma tashar ruwan Kwatano. Tawaye na biyu, daga 2007 zuwa 2009, ya ƙarasa yawon buɗe ido. Direbobi da yawa suka koma Hilux da hanyar Libiya, har dokar hana safarar baƙin haure ta 2015 ta sa aka kama motoci aka jibge, kafin a soke ta a Nuwamban 2023. A duk tsawon wannan lokaci tsofaffin motocin suna zaune a bayan gidaje, tayoyi a sace, awaki na kwana a inuwarsu.

Shi ya sa raina ya yi fari da wani yaro da ya koyi aiki a hannuna ya zo da batun motoci biyu da aka yi masa tayi a Tigidda: Land Rover 109 ta Series III, irin wadda aka ƙera tsakanin 1971 da 1985, da Toyota HJ60. Kuɗinsa na ɗaya ne, so yake ya tayar da ita ta koma yadda ta fito. Ya ce, "Baba, Land Rover ɗin ko ɗigon tsatsa babu a jikinta." Na ce, "Ɗana, ɗauko guduma, mu shiga ƙasa."

Nan ne tarkon yake. Alminiyon ba ya tsatsa, don haka Land Rover takan yi kyan gani a waje alhali gishiri ya cinye shasinta. Ana bin shasin da ƙaramar guduma tun daga gaba har baya. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, jar ƙasa ta zubo maka a fuska. A duba gindin sifirin, da ƙarfen da ya gitta a can baya, da bangon da ke tsakanin inji da direba, musamman inda ake taka ƙafa, don shi ma ƙarfe ne. Toyota ba ta ɓoye ciwonta: tsatsarta na bakin tayoyin baya da gefen rufi, kowa na gani. Ita injinta ake saurara. A tayar da shi da sanyin safe, a buɗe murfin baƙin mai, in hayaƙi na bugowa da ƙarfi to zoben fistan ya gaji. Kafin wannan duka, a gwada lambar shasi da ta takardar mota, a ga shaidar duwan, domin motoci da yawa sun shigo ta hamada ba takarda.

Da muka duba, shasin Land Rover ɗin ya ci a baya kawai, abin da walda za ta iya, kuma aksil ɗinta babba ne na Salisbury, wanda ba ya karya sanda. Toyota ta tashi a bugu na biyu. Na gaya masa gaskiya: in abinci yake nema, Toyota zai ɗauka, kayanta na nan a kasuwar Agadas, kowane yaro ya san cikinta, gobe ma za ta fara mayar masa da kuɗinsa. Land Rover sai ya yi haƙurin jiran kaya daga Kano ko daga Turai, ya nemo makullan inci wurin tsofaffi.

Amma tun da tayar da tarihi ya ce yana so, na ce ya ɗauki Land Rover. Toyota mai rai ba ta rasa mai saye. In ya bar ta, wani zai ɗauka kafin wata ya ƙare. Ita kuwa Land Rover masu jiran ta ƴan gwangwan ne da sikelinsu, su auna ƙarfen a kilo, su kai alminiyon wa masu zubin tukwane. Haka aka narkar da mafi yawansu, babu wanda ya ɗauki ko hoto.

A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya saboda ginin ƙasa da hasumiyar masallaci, kuma ya cancanta. Motocin da suka riƙe arewa da rai shekara da shekaru su ma tarihi ne, tare da hannayen da suka san gyaransu. Waɗanda suka iya saita kafireta da kunne kaɗan suka rage, kuma tsufa ya kama su. Duk matashin da ke da hali ya ceci mota ɗaya, ya kai ta gaban ɗaya daga cikinsu, su kwance ta tare tun yana iya riƙe makulli.